Rasuwar Malam Mai Keke: me ya kamata mu tsofaffin ɗalibansa mu yi?

Sakataren_Ƙungiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ga waɗanda labari bai iske ba, Allah Ya yi wa malaminmu na lissafi rasuwa, wanda duk muka fi sani da Malam Mai Keke, daren Talata bayan jinyar 'yan makonni. Jiya da hantsi aka sallace shi a ƙofar gidansa. Mu goma sha ɗaya muka samu halarta daga wannan zaure. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, Ya kyauta namu zuwan.

Dalilin buɗe wannan magana shi ne, tun a maƙabarta wasu suka ce bai kamata mutumin da ya yi shekara 35 yana shaƙar ƙurar alli a makarantarmu ya tafi haka nan shiru ba. To me za mu yi? Kowa ya kawo tasa shawarar. Don Allah yau kada kowa ya turo hoton ɗan takara.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Allahu akbar. Allah Ya gafarta wa Malam, Ya haskaka makwancinsa.

Baban_Walida:
Amin ya Allah. Ya ba iyalansa haƙuri.

Tsohon_Monita:
Allah Ya jiƙan Malam. Sakatare, ga gyara kaɗan. Shekara 35 ɗin ta aikin gwamnati ce gaba ɗaya, ba a makarantarmu ya yi su duka ba. Shi da bakinsa ya gaya mana ya kama aiki a 1976, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, lokacin da aka ɗebo yara aka zuba a firamare har malamai suka yi kaɗan. Da takardar shaidar koyarwa ta Grade II aka tura shi wani ƙauye, ya ce ajinsa na farko a gindin tsamiya yake, allon kuma a jikin bishiyar ake rataye shi. Daga baya ya tafi kwalejin horar da malamai ta ATC a Kano, wadda daga baya ta koma FCE, ya yi NCE, aka kawo shi wurinmu a 1982. Ya yi ritaya a 2011. Ka lissafa ka gani, 29 ke nan. Da yana da rai ya ga wannan kuskure, da sai ka fito gaban allo.

Sakataren_Ƙungiya:
Na karɓi gyara, Siniya. Amma ka ƙara da shekarun da ya yi bayan ritaya yana zuwa da yamma yana yi wa 'yan aji shida bita kyauta. Idan aka haɗa, ina jin ban yi nisa da gaskiya ba.

Umman_Khalifa:
Tun jiya nake so in rubuta, hannuna ya kasa. Ni ba don Allah ba don Malam ba, da a aji uku karatuna ya tsaya. Mahaifinmu ya ce ya isa haka, yarinya ta iya karanta wasiƙa, me kuma ake nema. Na yi sati biyu ban je ba. Ran nan da la'asar muna tsakar gida sai ga yaro ya shigo wai ana sallama da Baba. Malam ne, ya jingine kekensa a jikin dakali. Bai yi wa Baba wa'azin boko ba ko kaɗan. Hira suka yi ta gona da tsadar taki, ya sha ruwa ya tafi. Bayan kwana uku ya dawo. A zuwa na uku ne ya ce, "Alhaji, ranar da aka kai mai ɗakinka asibiti haihuwa, wa ka so ya duba ta, namiji ko mace?" Baba ya yi shiru. Ya ce, "To macen nan 'yar wani ce, ubanta ne ya bar ta ta yi karatu." Washegari Baba da kansa ya ce in ɗauko jakata.

Yau shekarata ashirin da biyu ina aikin ungozoma. Duk jaririn da na karɓa Malam yana da lada a ciki in Allah Ya yarda. Abin da ke cin raina, sau biyu kacal na je gaishe shi tunda na yi aure.

Injiniya_Kaduna:
Hajiya kin sa ni hawaye. Shawarata, mu nemi izinin hukumar makaranta mu gyara ginin nan na azuzuwa uku da ke kusa da ofishin firinsifal, mu sa masa suna. Rufin ya yaye, tagogi babu. Ni zan ɗauki nauyin zane da kula da aikin, ba sai an biya ni ba. Yaran da za su zo nan gaba su riƙa tambaya wane ne wannan.

Baban_Walida:
Ku yi haƙuri, zan faɗi abin da ba za a so ji ba. Ina muke lokacin da yake raye? Shekara uku ko huɗu da suka wuce na raka yayana wajen tantance 'yan fansho, na tarar da Malam a layi, rana ta take, yana riƙe da fayil a leda, ya shimfiɗa hankici a kan bulo ya zauna. Garatutinsa sai da ya yi shekaru yana bi ana ce masa ya dawo. A cikin zauren nan akwai daraktoci, akwai mai ba gwamna shawara, akwai lauyoyi. Wa ya ɗaga waya saboda shi? Yanzu ya mutu za mu rubuta sunansa da fenti a bango. Ni har da kaina nake, don abin da na yi masa ranar bai wuce ruwan leda da kuɗin mota ba, shi ma kuɗin da ƙyar ya karɓa.

Injiniya_Kaduna:
Baban Walida, gaskiya ka faɗa, kuma ta yi ɗaci. Amma don mun yi sakaci jiya ba shi zai sa mu naɗe hannu yau ba.

Ɗan_Bayan_Aji:
Allah Ya jiƙansa da rahama. Amma tunda an ce kowa ya faɗi tasa, ni ban ji daɗin Malam ba a makaranta, kuma ba zan yi ƙarya don ya rasu ba. A aji biyu ya yi mini bulala goma sha biyu a gaban asembili saboda makara, alhali kullum sai na kai wa mahaifiyata niƙa inji kafin in taho. Bai tambaye ni dalili ba. Tun daga ranar na tsani lissafi, na koma kujerar baya, har na gama ban ƙara ɗaga hannu ba. Kowa yana cewa dukan malami albarka ne. Ni dai ban ga albarkar wannan ba.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Haba ɗan'uwa, ko kwana uku ba a yi ba. Ana ambaton mamaci da alheri.

Tsohon_Monita:
Hajiya ki bar shi ya faɗa, ai gara ya faɗa ya yafe da ya riƙe a ciki. Ni na riƙe monita shekara biyu, na san Malam yana da zafi a kan abu biyu: makara da satar amsa. Amma ban taɓa ganin ya doki yaro don ya kasa lissafi ba. Wanda ya kasa sai ya ce ya same shi lokacin tara, yana cin gyaɗarsa yana sake yi masa bayani. Ɗan Bayan Aji, wataƙila da ka je ka gaya masa maganar niƙan da labari ya sha bamban.

Ɗan_Bayan_Aji:
Yaro ɗan shekara goma sha uku ne zai tunkari Malam Mai Keke da bayani? Siniya ka manta yadda muke watsewa in mun hango kekensa ya shawo kwana.

Malama_Firamare:
Ni malama ce yanzu, shekara goma sha shida a aji, kuma ina bayan Ɗan Bayan Aji a wannan. Zamaninsu haka aka horar da su, uba ma in ya kawo ɗa cewa yake yi a bar masa ƙashi kawai. Amma yaran da bulala ta kora daga makaranta ba su cikin wannan zaure balle su ba da labari. Mu da muka tsira ne muke yabon ta. Wannan bai rage wa Malam daraja a idona ba. Ni abin da na ɗauka daga wurinsa na kai ajina shi ne yadda yake koyarwa, ba sandarsa ba.

Akanta_Na_Abuja:
Yauwa Malama, kin taɓo inda nake jira. Wa ya tuna yadda ya koya mana lambobin da ke ƙasa da sifili? Ya ce ku manta da Turancin, bashi ne. Kana da naira biyar, mai ƙosai tana bin ka takwas, me kake da shi? Muka ce bashin uku. Ya ce to kun gama. Da aka zo kan abin da ya sa ragi sau ragi yake zama ƙari, sai ya ce mutum uku kowanne yana bin ka naira biyu, duk suka ce sun yafe, ka ƙaru ko ka ragu? Wallahi har na yi jarrabawar zama akanta da wannan bashin nake tunani.

Ustaz_Na_Ƙofa:
Mu kuma da rabon gado ya koya mana ɓangarori. Ya ce mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya. Mata tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, uwa tana da sudusi, ɗaya bisa shida. A kasa dukiyar gida nawa kowa ya samu nasa ba tare da an fasa ba? Muka yi ta lalube har wani ya ce 24. Ya ce to mata uku, uwa huɗu, bakwai sun fita, saura 17. Sai a ƙarshe ya ce abin da littafinku yake kira LCM ke nan, malaman zaure sun daɗe suna yin sa. Ranar na daina ganin boko da karatun allo kamar abokan gaba.

Injiniya_Kaduna:
Ni igiyar nan nake tunawa. Ya fito da mu fili da igiya da turaku uku, ya auna taku uku, huɗu, biyar, ya ce haka magina suke fitar da kusurwar ɗaki tun kafin su ji sunan Pythagoras. Har gobe in na je wurin gini na ga birkila yana yin haka sai na yi murmushi.

Tsohon_Monita:
Ku 'yan baya ba ku ga wahalarsa ta gaske ba. A farkon 1983, da gwamnatin Shagari ta ce baƙin da ba su da takardu su bar ƙasa, malamanmu 'yan Gana biyu suka tafi cikin mako guda, ɗaya na lissafi ɗaya na kimiyya. Malam ya haɗa azuzuwansu da nasa har ƙarshen shekara. Da daddare yake karanta kimiyyar da fitilar ƙwai, da safe ya koya mana. Wani lokaci ya ce, "Wannan ni ma jiya na san shi, mu lallaɓa tare." Sannan da aka koma tsarin karatu na 6-3-3-4 aka kawo akwatunan injina na koyon sana'a, babu wuta babu mai haɗa su, shi ne ya buɗe ɗaya ya ciro zarto da guduma ya sa muka gyara kujerun ajinmu.

Akanta_Na_Abuja:
Irin su sun ƙare. Malaman yanzu wasu ko jadawalin sau ba su haddace ba. Ba a Kaduna ba ne a 2017 aka yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, fiye da dubu ashirin suka faɗi aka sallame su?

Malama_Firamare:
Akanta, a yi mana adalci. An yi wannan, ba a musu. Amma ka tambayi kanka wa ya ɗauke su aiki tun farko, kuma ta wace ƙofa suka shigo. Sannan a cikinku nan wa yake fatan ɗansa mai ƙoƙari ya zama malamin firamare? Kowa likita, kowa injiniya. Wanda bai samu gurbi ko'ina ba shi ake turawa NCE, daga baya a zo ana mamaki. Ajina yara sun haura ɗari, rabi a ƙasa suke zaune. Ko Malam Mai Keke aka ba wannan aji sai ya yi gumi. An yi doka a 2022 cewa malami zai iya kaiwa shekara 65 da haihuwa ko 40 yana aiki kafin ritaya, to madalla, amma ƙarin shekaru a kan albashin da ba ya kai ka tsakiyar wata ai ƙarin wahala ne. Duk 5 ga Oktoba a yi mana jawabin ranar malamai, a watse.

Ustaz_Na_Ƙofa:
Kukan malamai ba yau ya fara ba. Malam Aminu Kano ma malamin makaranta ne, ya koyar a Midil ta Bauchi da kuma Maru, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar malaman Arewa tun kafin ya shiga siyasa gadan-gadan. Tafawa Ɓalewa ma daga aji ya fito. A da daga cikin malamai ake zaɓo shugabanni.

Sakataren_Ƙungiya:
Jama'a mun fara nisa. A dawo kan tambaya: me za mu yi?

Ɗan_Autan_Aji:
Kafin a dawo, keken nan Raleigh ne ko Phoenix? Mun yi musu da wani jiya a wurin zaman makoki.

Tsohon_Monita:
Raleigh ne baƙi, mai akwatin sarƙa. Ni na sha goge shi ranar Juma'a.

Ɗan_Autan_Aji:
To a zamaninmu dai babu akwatin sarƙar, da roba yake ɗaure ƙafar wandonsa. Mu ne muka taɓa sace masa iskar taya ranar gwajin lissafi, ya turo shi da ƙafa ya iso kafin a kaɗa ƙararrawa. Allah Ya yafe mana.

Bakano_A_Jidda:
Salam daga nesa. Na yi wa Malam ɗawafi jiya bayan isha'i, Allah Ya karɓa. Ni ina ganin rijiyar burtsatse ta fi suna a bango. Yaran makarantar har yanzu waje suke fita neman ruwa lokacin tara, wasu daga nan ba sa dawowa. Idan an amince, na ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin, ko nawa ne.

Ustaz_Na_Ƙofa:
Allah Ya saka da alheri. Hadisi ya tabbata cewa idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Na biyu Malam ya riga ya tanada da hannunsa. Ruwa kuwa yana cikin mafificiyar sadaka. Ina goyon bayan rijiya, a yi niyyar ladan ya kai gare shi.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Mu mata muna shirin dafa abinci mu kai ranar sadakar bakwai. Mai son sa hannu ta yi mini magana ta gefe.

Akanta_Na_Abuja:
Hajiya, wannan bakwai ɗin fa malamai da yawa sun ce ba ta da asali.

Sakataren_Ƙungiya:
Akanta, tsaya nan. Dokar zaure ta hana wannan muhawara, kowa ya bi malaminsa. Mai kai abinci ya kai, gidan cike yake da baƙi ko ba komai.

Baban_Walida:
Rijiya ta yi, gini ya yi. Amma wa ya leƙa cikin gidan? Ni na shiga gaishe da Inna, matar Malam. Ɗakinta yana yoyo, damina kuma ta ƙarato. Akwai yara biyu da ba su gama karatu ba. Kada mu shayar da gari mu bar gidan mai rijiya da ƙishi.

Autar_Malam:
Assalamu alaikum yayyena da iyayena. Sakatare ne ya sa ni a zauren nan yau da safe, na zauna na karanta komai, na kuma karanta wa Inna wasu. Ta yi kuka ta yi dariya, musamman maganar iskar taya. Ta ce ranar ya dawo yana cewa yaran nan sun fi shi dabara amma ya fi su sammako. Mun gode, Allah Ya bar zumunci.

Abu biyu aka ce in isar. Na farko, duk wanda yake bin Baba bashi, ko na naira ɗaya ne, don Allah ya yi wa yayanmu magana kafin a raba abin da ya bari. Na biyu, da muke gyara akwatinsa mun samu wani tsohon littafin rajista. Sunayen ɗalibai ne da shekaru, tun daga tamanin da wani abu har bayan fara NECO a 2000, kowane suna da kuɗin jarrabawar da ya cika masa ko ya biya gaba ɗaya. Wasu ya rubuta "ya biya" a gaba, mafi yawa ya ja layi ya rubuta "na yafe". Inna ma ba ta san da shi ba, ta ce yanzu ta gane inda kuɗin babur ɗin da ya yi ta cewa zai saya suke tafiya. Ba za mu nuna wa kowa sunayen ba, don shi bai nuna ba.

Yaya Ɗan Bayan Aji, na ga abin da ka rubuta, kuma ban ji haushi ba. A asibiti Baba ya ce mana ya doki 'ya'yan mutane da yawa, wasu da hakki wasu cikin fushi, duk wanda muka haɗu da shi mu roƙa masa gafara. To ina roƙonka.

Ɗan_Bayan_Aji:
Ƙanwata, na yafe duniya da lahira. Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Ki gaishe da Inna, ki ce mata ina nan zuwa ranar Asabar da mai gyaran rufi, sana'ata ce sayar da kwano.

Umman_Khalifa:
Auta, ba sai kin duba ba, na san sunana yana cikin littafin nan. Baba ya yarda in koma amma ya ce ba shi da kuɗin WAEC, sai kawai aka ce mini an biya. Shekara talatin ina zaton kawuna ne.

Akanta_Na_Abuja:
To ga wata shawara ta huɗu. Mu ci gaba da littafin. Duk shekara mu biya wa yara goma marasa hali kuɗin jarrabawa, a ɓoye kamar yadda ya yi. Rijiya tana lalacewa in babu mai kula, mun ga da yawa an yi bikin buɗewa bayan shekara sun zama turken awaki.

Bakano_A_Jidda:
Ba ta lalacewa in an damƙa ta a hannun mutum ɗaya amintacce. Ni ina kan rijiya, amma zan sa hannu a wannan ma.

Injiniya_Kaduna:
Ginin fa? Yaran da za a biya wa jarrabawar a wane aji za su zauna?

Baban_Walida:
Kafin a fara tara ko sisi, a fara gaya mana inda kuɗin taron cin abincin bara suka kwana. Ba zargi nake ba, lissafi nake nema, kuma ɗaliban Malam Mai Keke ne mu.

Sakataren_Ƙungiya:
Ma'aji yana cikin zaure, ya ji. Za mu zauna ranar Lahadi bayan la'asar a harabar makaranta, na nesa za a haɗa su ta waya. Shawara huɗu ke gabanmu: gini, rijiya, gidan Malam, da kuɗin jarrabawa. Auta, a tambayar mana Inna wanne ta fi so.

Autar_Malam:
Na tambaye ta. Ta ce ita ba ta da ta cewa, amma yaran nan 'yan aji shida da suke zuwa bita zauren gidanmu duk yamma, jiya ma sun zo sun tsaya a ƙofa da littattafansu, jarrabawarsu saura wata biyu. Ta ce ko a cikinku akwai wanda ya iya lissafi.

Ɗan_Autan_Aji:
Ni dai kada a kalle ni, F9 na ci.

Malama_Firamare:
Ƙarfe nawa suke zuwa? Litinin da Laraba ina da sarari. Akanta, ka turo mini misalin nan na bashi yadda ya faɗe shi, na manta yadda ake kaiwa ga rabawa.